Layin da Ba a Ba Bokiti Ba

Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya haƙuri da mu? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki. Ciwon bayansa ya yi sauƙi tunda ya sa bulo ya ɗaga kujerar keken ɗinkin. Umma ma tana gaisuwa, ta ce in kin yi waya da Gwaggo ki gaishe ta. Ta samu aiki a gidan burodi, don haka an yaye Auta. Madarar gwangwani yake sha yanzu, ni nake haɗa masa da safe da kuma in na dawo makaranta.

Yaya, da kin ga Auta! Lokacin da kika bar gidan nan ko zama bai iya ba. Yanzu yana tafiya, yana cewa "Umma", yana cewa "mota". Ni kuma "Iyu" yake ce mini, don Shiru ta fi ƙarfin bakinsa. Baba ya ce gara da aka samu mai magana ɗaya a cikin 'ya'yansa.

Ina da tambaya biyu, in ba zan dame ki ba. Ta farko, mene ne ainihin abin da kike karantawa? Jiya Baba ya ce wa wani mai ɗinki wai karatun zama gwamna kike yi. Na ji kunya na shige ciki, amma ni ma ban san amsar ba.

Ta biyu, wasu mutane sun zo layinmu da riguna masu tambarin jami'arku. Sun ɗebi ruwan rijiya a ƙananan kwalabe, sun share ƙurar tsakar gida sun zuba a leda, sun ɗora Auta a sikeli yana ta ihu. Sun tambayi Baba sana'arsa da yawan mutanen gida, suka rubuta lamba da fenti a jikin ƙofa. A layin bayan kasuwa ma haka suka yi, sai dai can kowane gida an ba su shuɗin bokiti mai tace ruwa. Mu ba a ba mu ba. Umma ta ce ikon Allah, wasu ana ba su, wasu ana auna su. Na so in tambaye su, bakina ya ƙi buɗuwa. Kin san su?

Zan ba direban babbar mota wannan, tunda kin ce yana bi ta ƙofar makarantarku.

Ƙanwarki,
Shiru

*

Laraba

Shiru tawa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, ko gogewa ɗaya babu, kamar an buga da inji. Lafiyata ƙalau, sai dai yunwa da lissafi. Ki gaishe da Baba da Umma, ki ja mini kumatun Auta.

Ki ce wa Baba ba gwamna zan zama ba, ni ce wadda za ta ce wa gwamna, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya aiki." Sunan karatun nazarin manufofin gwamnati, kuma mu da ƙididdiga muke yinsa. Misali, a ce za a raba wa mutane bokitin tace ruwa. Ta yaya za a san ya rage wa yara gudawa? In kin tambayi wanda ya raba, zai ce ya rage. In kin tambayi wanda bai samu kwangilar ba, zai ce bai rage ba. To mu ba ma tambayar kowa. Sai mu samu layuka masu kama da juna, a ba wasu, a bar wasu, a jira, sannan a kwatanta.

Mutanen da kika gani namu ne. Ba son kai aka yi ba, kwamfuta ce ta yi ƙuri'a, layinku ya faɗa cikin waɗanda za a kwatanta da su. Idan aiki ya ƙare ku ma za a ba ku. Ki faɗa wa Umma aunawar ma aiki ne, in ba ku, babu yadda za a gane komai.

Ga albishir. Dokta, malamin da ke jagorantar aikin, ya zaɓe ni cikin ɗaliban da za su taya shi lissafin, kuma da shi zan rubuta aikina na kammalawa. Na sa hannu cewa ba zan fitar da komai ba sai an gama. Ba ma ganin sunan kowa, lambobi ne kawai a jere. Saboda haka, don Allah, kada ki taɓa rubuto mini lambar da ke ƙofarku. Na san ki da cika umarni, ko malamin da ya manta ya ba da aikin gida sai kin tuna masa.

Yayarki

*

Lahadi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan yunwar ta yi sauƙi. Mu lafiya lau, sai Auta da ya ɗan yi mura, ta wuce. Baba ya ji daɗin bayaninki, amma har yanzu gwamna yake cewa.

Na gane sarai, Yaya. Mun yi irinsa a ajin kimiyya. Mun shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya muna ba shi ruwa, ɗaya ba ma ba shi. Da na biyun ya bushe, wata a ajinmu ta ce, "Allah sarki." Malam ya ce kada ta ji tausayinsa, shi ma ya yi aikinsa. Da na ba Umma labari ta ce, "To mu ne gwangwani na biyu ke nan?" Muka yi ta dariya. Ba zan rubuto lambar ba, na ma daina kallonta in zan shiga gida.

Labarin layi kuwa, ruwan sama ya sauka sosai. Kin tuna Mai Batir, wanda shagonsa ke jikin katangarmu ta baya, kusa da rijiya? Kasuwa ta buɗe masa. A da cajin batir kawai yake yi, yanzu tsofaffin batura ake kawo masa a mota, yana fasa su yana narka abin ciki a wani kasko. Hayaƙin yana da ɗan zaƙi-zaƙi a maƙogwaro. In an yi ruwa, wani ruwa mai launin toka yana gangarowa daga wurinsa ya bi ta gefen rijiya ya shige ƙasa. Kajin maƙwabciyarmu da ke kiwo a wurin sun fara wani abu, sai kaza ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ta faɗi. Ta ce ciwon kaji ne na damina.

Shi dai mutumin kirki ne. Ya gyara wa Baba fitilar shago bai karɓi komai ba, kuma kullum sai ya ɗaga Auta sama ya ce, "Ina direbana?"

Yaya, in na gama sakandare zan iya irin karatunki? Lissafi ba ya ba ni wahala. Tsayawa gaban gwamnan ne ban sani ba.

Ƙanwarki,
Shiru

*

Alhamis

Shiru,

Na ga saƙonki. Ina lafiya. A gaida kowa.

Ba ni da lokacin dogon rubutu. Ruwan rijiyar nan ban yarda da shi ba. Ku yi hattara da shi, musamman saboda Auta. In da hali ku riƙa ɗebowa a famfon makarantarku. Kada ki tambaye ni dalili, kada ki nuna wa kowa wannan takardar, kada ki ce ni na faɗa.

Maganar gwangwani kuma ki daina.

Yayarki

*

Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya kuma aiki bai yi miki yawa ba. Baba da Umma lafiya. Auta ne dai ba ya jin daɗi, zan faɗa miki a ƙasa.

Da farko ki yi haƙuri da maganar gwangwani. Na karanta takardarki har na haddace ta, na ga ko "tawa" ba ki sa ba. Na san aikinki ne na mayar abin dariya, kuma bai kamata ba. Ba zan ƙara ba.

Maganar ruwa kuwa ki kwantar da hankalinki, na yi maganinta. Na gwada famfon makaranta, amma mai gadi ya ce ba a fita da jarka sai da izinin shugaba, ni kuma na je ƙofar ofishin na tsaya na dawo. Sai na tuna an koya mana cewa tafasawa tana kashe duk abin da ke cikin ruwa. Littafinmu ya ce a bar shi ya tafasa sosai. Ni na Auta ba na tsayawa nan. Ina cika babbar tukunya, in bar ta a wuta har sai ruwan ya koma rabi, in sauke ya huce, in sake mayarwa. Da shi kaɗai nake haɗa masa madara, ba na bari kowa ya taɓa. Umma tana faɗan gawayi, ta ce ko asibiti ba a wannan tsabtar. Ban ce ke kika faɗa ba. Na ce a makaranta aka ce, kuma ba ƙarya na yi ba.

Duk da haka Auta ya canza. Ba gudawa yake ba, bayan gidan ma da ƙyar yake yi. Yana riƙe ciki yana kuka, abinci sai an yi dabara. Barci ya yi masa yawa, in ya tashi kuma sai faɗa, har cizo. Umma ta ce haƙori ne, mai kemis ya ba da maganin tsutsa. Abin da ya fi damuna, jiya mota ta tsaya a ƙofar shago na ce, "Auta, mene ne wancan?" Ya kalla kawai. Wataƙila ya gaji da tambayata ne.

Abu ɗaya ke sa shi shiru. Mai Batir ya zuba masa 'yar mota da ragowar abin da yake narkawa, ƙarama amma nauyi gare ta. Da ita yake kwana, kullum tana bakinsa, Umma ta ce tana sosa masa dasashi. Ina wanke masa ita da tafasasshen ruwan.

Na ƙara masa yawan madarar tunda ba ya cin komai. Na yi daidai?

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Shiru

*

Talata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. An daɗe ban ji daga gare ki ba. Direba ma ban gan shi ba, an ce motarsa tana wurin gyara, ban sani ba ko takardata ta isa. Wannan wata ɗalibar jami'arku zan ba, 'yar mai kemis. Wayar Baba ta faɗa a bokitin wanki, da na roƙe shi ya kira ki.

In har yanzu fushi kike, na karɓa. Amma ki amsa mini ko layi ɗaya.

Auta ya fara faɗuwa in yana tafiya, kamar ƙasa tana kauce masa. Shekaranjiya ya yi amai. Bai ƙara cewa "Iyu" ba. Kajin maƙwabciya sun ƙare.

Mutanenku sun dawo, sun sake ɗibar ruwa, sun ɗora shi a sikeli. Wannan karon bai yi ihu ba. Matar da ke rubutawa ta ce, "Kai, yaron nan ya yi hankali."

Ina nan ina tafasawa.

Shiru

*

Juma'a

Shiru tawa,

Takardunki biyu yau suka same ni tare, ta farkon a cikin motar direba ta zauna. Na kira wayar Baba, a kashe. Na roƙi 'yar mai kemis ta juya da wannan yau ɗin nan. Ki karanta wa Baba da Umma da ƙarfi, ki ce ni na faɗa.

Ku daina shan ruwan rijiyar nan. Kada a dafa da shi, kada a haɗa madara da shi. Ki daina tafasawa. Abin da ke ciki ba ƙwayar cuta ba ce, dalma ce, wadda Mai Batir yake narkawa. Wuta ba ta kashe ta. Ruwan ne yake tafiya, ita tana nan. Ki karɓe motar nan daga bakinsa ko zai yi kukan duniya. Ku kai shi babban asibiti yanzu, ba kemis ba, ku ce a auna jininsa saboda gubar dalma, ku tafi da motar a leda ku nuna.

Ban yi fushi da ke ba, ko kaɗan. Ga abin da ya faru. Aikinmu ƙwayoyin gudawa yake nema. Dalma an auna ta ne kawai don tana cikin abin da injin yake aunawa, ba wanda ya duba. Ni na duba. Na ga wata rijiya da lambarta ta yi sama har na ɗauka kuskuren bugawa ne. Na duba gidajen da ke shan ta, na ga gidan tela mai mutum huɗu, har da yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Ranar ce kuma takardarki ta kaji ta zo. Ban buƙaci lambar ƙofa ba.

Na je wurin Dokta. Ya ce awo ɗaya ba hujja ba ne, sai an maimaita, kuma za a maimaita. Ya ce in aka faɗa wa layi ɗaya suka canza ruwa, sun daina zama abin kwatance, a rasa amsar da garuruwa da yawa ke jira. Ya tuna mini na sa hannu. Ban iya ƙaryata lissafinsa ba. Sai na rubuto miki rabin magana, ina ganin na tsira da ku, na tsira da aikina. Na manta wadda nake rubuta wa. Ke in aka ce ki yi hattara, sai kin ninka.

Ki ji da kyau, Shiru, ba ke ba ce. Abin da aka koya miki kika yi.

Ku faɗa wa duk gidan da ke ɗiba a rijiyar. Ni daga nan ofishin Dokta zan wuce in faɗa masa abin da na rubuta, in ya ƙi kai rahoto hukumar lafiya in kai da kaina.

Yayarki

*

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Daga asibiti nake rubutawa, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Baba da Umma suna gaishe ki. Umma ta ce Allah ya yi miki albarka, ta ce kuma akwai maganar da za ku yi, amma ba yanzu ba.

Na karanta musu kamar yadda kika ce. Da na zo wurin tafasawa muryata ta tsaya, Baba ya karɓa ya ƙarasa. Ya je ya ɗauki tukunyar ya kifa ta a bayan ɗaki, ya saɓi Auta muka fita.

An auna jinin. Likitar ta dubi takardar, ta dubi motar a leda, ta ce, "Su waye suka ce ku zo?" Baba ya ce 'yarsa ce da ke jami'a. Ta ce da an ƙara jinkiri da jijjiga zai fara. An kwantar da shi, ana ba shi wani magani mai wari da zai riƙa fitar da abin a fitsari. Aman ya tsaya, yau ya ci ayaba. Na tambaye ta, ni da kaina, ko tafasawar da na yi ta ƙara masa. Ta ce motar da ƙurar gidan sun fi yawa. Ba ta ce a'a ba.

Baba yana asibiti, Umma tana aiki, don haka ni na bi gidajen layi. Na yi sallama a kowace ƙofa. A gida na farko sai da matar ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba na ji." Wasu sun yarda, wasu sun ce tun kakanninsu ake shan rijiyar. Maƙwabciya ta zauna a ƙasa ta ce, "Ashe kajina faɗa mini suke yi." Na shiga ofishin shugaban makaranta ma, ya ce a buɗe wa layinmu famfo safe da yamma. An kawo yara uku awo, ɗaya an kwantar da ita a gadon kusa da namu.

Mai Batir ya zo asibiti da lemo. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce wa Baba, "Wallahi da hannuna na goge motar nan don kada ta yanke masa baki." Baba ya ce ya sani. Ma'aikatan lafiya sun rufe shagon da rijiyar, yanzu 'yan gidansa ba sa amsa gaisuwar Umma.

'Yar mai kemis ta ce an cire ki daga aikin, wai sai kin sake wani aikin kammalawa, ba za ki gama tare da 'yan ajinku ba. Ta ce layinmu ma an cire shi daga lissafin, tunda mun lalace a matsayin abin kwatance. Ban san abin da zan ce ba, Yaya. Lambar tana nan a ƙofa, yanzu in na je gida ina kallonta.

Na tambayi likita ko maganarsa za ta dawo. Ta ce wasu yaran tana dawowa, wasu sai a hankali, wasu ba duka ba, kuma ba ta da awon da zai faɗa mata nasa. Ta ce abin da za mu iya shi ne a yi ta yi masa magana, duk yini, ko yana amsawa ko ba ya amsawa. Umma tana aiki, Baba kin san shi, in ya ce "to" ya gama.

Saboda haka ni nake yi. Ina riƙe shi a taga ina faɗa masa duk abin da ya wuce. Ga mota. Ga keke. Ga wata motar, ja. Ga Iyu. Na ba shi labarin ajinmu kaf, na karanta masa littafin tarihi, jiya har waƙa na yi a gaban mutane. Matar gadon kusa ta ce wa Umma, "Wannan 'yar taki ba ta gajiya da surutu?" Umma ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Bai ce komai ba tukuna. Amma yana kallon bakina.

Ki zo in kin samu hali. Muryata ta fara dishewa, ina neman mai karɓa ta.

Ƙanwarki,
Shiru